Saƙar kwarashi a Ingila: zare da takardarsa, saƙa da takardarta

Assalamu alaikum 'yan uwana masu saƙa. Tambayoyinku sun taru a wurina, wasu na so in aiko musu da zare, wasu na so su ji ko kwarashi na ciyar da mai shi a nan Ingila. Bari in haɗa amsar wuri guda.

Hannun masu saƙa na nan dai bai fi namu ba. Na zauna da tsofaffin Turawa a zaman saƙa, na duba aikin 'yan mata masu tasowa, ban ga abin da zai sa gwanar cikinmu ta sunkuyar da kai ba. Inda suka yi mana fintinkau shi ne awo da rubutu. Tun daga dunƙulen zare har rigar da aka gama, komai a rubuce yake, kuma a cikin rubutun nan kuɗin yake kwance.

Ki ɗauki dunƙule ɗaya na Stylecraft Special DK, zaren da masu saƙa bargo a ƙasar nan suka fi yayi, ki karanta takardar da aka naɗe shi da ita. Za ta gaya miki akirilik ne zalla, wato zaren roba, nauyinsa giram 100, tsawonsa mita 295, ga girman kibiyar da ta dace da shi, milimita 4, ga yadda ake wankinsa. Sai lambobi biyu: ɗaya ta launi, ɗaya ta tukunyar rini. Ta biyun ce ake rainawa, ita ce kuma mai tona asiri. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma daga rini daban, a hasken shago kamar tagwaye suke. Sai kin shanya bargon a rana ki ga layi ya raba shi biyu. Shi ya sa mai shago ke juya kowane dunƙule tana duba lamba kafin ta ƙulle miki, ta kuma ce ki ƙara ɗaya, in ya yi saura ki dawo da shi. Shaguna da yawa suna karɓa muddin ba a warware ba.

Kaurin zare ma yana da suna, sai dai kowace ƙasa da nata. Ingila na cewa 4 ply, DK, Aran, Chunky, daga siriri zuwa kakkaura. Amurka na bin lambobin ƙungiyar kamfanonin zare ta Craft Yarn Council daga 0 zuwa 7, inda DK ya zama 3, Aran ya faɗa rukuni na 4. A Ostireliya DK ɗin nan 8 ply ne. Shawarata ita ce ki daina sayen zare da giram, ki koma sayensa da mita. Auduga ta fi akirilik nauyi. Scheepjes Catona na ƙasar Holan auduga ce, ta fi DK sirantaka, amma giram 50 nata mita 125 ne kacal, wato giram 100 mita 250. Siririn zare ke nan ya gaza kakkaura tsawo. Wadda ta musanya zare da zare bisa nauyi, a tsakiyar hannun riga zai ƙare mata.

Yawancin abin da muka saba saƙa da shi akirilik ne, kuma a nan ma shi ne sarkin araha. Yana jure injin wanki, launinsa ba ya zuba, asu ba ya cinsa. Aibinsa ba ya shan gumi, yana yin 'yan ƙudaje-ƙudaje idan ya sha gogayya, kuma dutsen guga mai zafi narkar da shi yake yi. Kada a saƙa abin sauke tukunya da shi. Auduga ba ta miƙewa, don haka tana gajiyar da wuyan hannu, amma babu zaren da ke fito da zanen saƙa fes kamarta. Mai sheƙin nan da kuke gani an tsoma ta ne a ruwan soda mai ƙarfi, dabarar da John Mercer na Lancashire ya gano a 1844. Ita ce ta 'yar tsana da jaka da shimfiɗar tebur. Doguwar riga ta auduga kuwa nauyinta na janta ƙasa, bayan 'yan watanni sai ki ga ta ƙara tsawo.

Masu cewa in aiko da gashin tumaki na asali, ku yi haƙuri, ba zan ɓata muku kuɗi ba. Zaren ƙasar sanyi ne. Yana da daɗin saƙa, yana miƙewa ya koma, amma ruwan zafi da cuɗa suna cure shi ya zama kamar kirgi, rigar babba ta koma ta yaro, kuma ba ta da gyara. Wanda aka rubuta wa superwash an sarrafa shi don ya shiga inji, duk da haka tsadarsa ba ta dace da wurin da rabin shekara zafi ake yi ba. Auduga, lilin, da zaren gora sun fi muku amfani. Abin mamaki, ƙasar nan cike take da tumaki, Bradford ta taɓa zama cibiyar cinikin gashin tumaki ta duniya, amma yau makiyayi kan koka cewa kuɗin gashin ba ya biyan ladan mai aski. Gashin yawancin tumakinsu kaushi ne da shi, kafet ake yi da shi. Mai laushin da ake kira merino galibi daga Ostireliya yake zuwa, na alfaka, wata dabba dangin raƙumi, kuma daga Peru.

Ga wani abu da sai a nan na ji an yi bayaninsa. Ki riƙe zare a tsaye ki duba murɗinsa da kyau. Yawancin zaren kasuwa murɗinsa na kwance kamar tsakiyar harafin S, an yi shi ne domin masu saƙar kibiya. Mai kwarashi da hannun dama kuwa, duk lokacin da ta naɗo zare a kan ƙugiya tana ɗan warware wannan murɗin ne. Shi ya sa silin zaren ke rarrabuwa, ƙugiya ta kamo uku ta bar ɗaya. Ba laifin hannunki ba ne. Akwai zaren da aka murɗa ta ɗaya ɓangaren, kamar harafin Z, shi wannan ƙara tsukewa yake yi a kan kwarashi. In bai samu ba, ki nemi mai murɗi tamau. Shi kuma zaren nan mai laushi kamar karan-miski da ake kawowa daga Turkiyya da Sin, kyau a ido, wahala a hannu: ba a ganin ƙullin, da yatsa ake laluba shi, in an warware kuma gashin zubewa yake yi.

Wuraren saye iri-iri ne. Akwai manyan shaguna irin Hobbycraft, akwai na intanet irin Wool Warehouse da LoveCrafts, akwai shagunan sadaka inda ake tsintar ragowar zaren wasu da arha. Ni ƙananan shagunan unguwa na fi so, ko da sun fi tsada, domin mai shagon masaƙiya ce, za ta duba aikinki ta nuna miki inda kika tsallake ƙulli. Zare mai tsada a murɗe yake zuwa kamar gammo, ba a dunƙule ba, sai ta ɗora shi a kan wata na'ura mai kama da laima ta naɗe miki. Kada ki kuskura ki fara saƙa da shi kafin a naɗe, zai sarƙe. Duk watan Satumba ana bikin zare na Yarndale a garin Skipton, a cikin kasuwar gwanjon dabbobi, masu rini na baje haja a garken da tumaki ke tsayawa. A Amurka labarin ya ɗan bambanta, don Joann, kamfanin kayan saƙa da ɗinki mai shaguna kusan 800, ya rufe su duka a 2025.

To, batun kuɗi. A Afrilun 2025 an tsayar da mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a nan ga mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21. A ce bargo ya ci awa 30, ladan hannu kaɗai ya haura fam 360, ba a sa kuɗin zare ba. Wa zai saya, alhali ga bargon masana'anta a kanti da 'yan fam kaɗan? Masu sayar da saƙaƙƙen kaya a nan yawancinsu don sha'awa suke yi. Masu cin abinci da kwarashi tsarin saƙa suke sayarwa, wato rubutaccen bayanin yadda za a saƙa abu layi bayan layi. Sau ɗaya za ki saƙa, sau ɗaya za ki rubuta, ki mayar da shi PDF, sannan ya yi ta sayuwa kina barci, ba aika kaya.

Kasuwannin sayar da tsari a intanet biyu ne manya. Ravelry, da aka kafa a 2007, ta masu saƙa ce zalla. A can kowace mai saye na iya sa hoton abin da ta saƙa da tsarinki, da zaren da ta yi amfani da shi, da inda ta sha wahala, don haka tsari mai kuskure ba ya ɓoyuwa. Etsy kuwa kasuwar kowa ce, ta fi jama'a, ta fi cunkoso. Tana karɓar santi 20 na dala a kan kowane kaya da aka baje na wata huɗu, da kashi 6.5 cikin ɗari na ciniki, ban da kuɗin sarrafa biya. Kafin ki sa rai da kowacce, ki fara duba ko hanyar biyan kuɗinsu na aiki a ƙasar da kike, don ba ko'ina suke biya ba.

Rubuta tsari sana'a ce mai zaman kanta, kuma a nan ne na ga hidimomin da ban san da su ba. Akwai masu aikin tace tsari, ba Turanci suke gyarawa ba, lissafi suke bi: in kin ce layi na 12 ya ƙare da ƙulli 48, za su ƙirga su tabbatar, a kowane girma, daga ƙarami har babba. Bayan su sai masu gwaji, su saƙa abin daga rubutunki kaɗai ba tare da sun tambaye ki ba. Dole kuma tsarin ya faɗi ƙulli nawa da layi nawa ke cika santimita 10, domin hannun wata ya fi na wata tsauri. Sai babban tarko: sunayen ƙulli, domin ƙullin da Amurka ke kira singil, Ingila dobul take ce masa, dobul na Amurka kuma tirebul ne a Ingila. In ba ki rubuta a shafin farko wanne kike bi ba, hula za ta fito ninkin tsawonta. Mutanen Jafan sun huta da wannan, da zanen alamomi suke aiki, shi ya sa wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshensu take iya saƙa daga littafinsu. Masu tura tsarin da wata ta sayar cikin zaurukan WhatsApp, ku tuna duk wannan wahalar ce kuke rabawa kyauta.

In tsare-tsare sun taru sai littafi. Akwai kamfanonin wallafa irin Search Press da ke Kent, su ɗauki nauyin hoto da bugu, marubuciya ta samu kaso kaɗan. Amma da yawa yanzu da kansu suke wallafawa. A Amazon KDP, sashen kamfanin Amazon na masu wallafa da kansu, ba a tara kwafi a ɗaki, sai an saya ake buga ɗaya. Marubuciya na samun kashi 60 na farashi, a cire kuɗin bugu daga ciki. Tun 2025 littafin da bai kai dala 9.99 ba kashi 50 yake samu. Matsalar littafin saƙa hotuna ne masu launi, bugunsu kuwa yana cinye riba. Na karantawa a waya ma bai tsira ba, don a tsarin da marubuciya ke samun kashi 70 ana cire kuɗi bisa nauyin fayil, hotuna kuma nauyi gare su. Sannan mai saƙa hannayenta biyu a cike suke, tana son littafin da zai kwanta a buɗe. KDP ba ta yin ɗaurin waya mai naɗi, wani kamfanin bugu mai suna Lulu ne ke yi. Mai son littafinta ya shiga shagunan littattafai da ɗakunan karatu kuma kamfanin IngramSpark take bi.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Birtaniya wurin Nielsen ake saya, a Amurka wurin Bowker, ɗaya dala 125, goma dala 295, a Kanada kyauta ce. KDP na bayar da tata kyauta, amma a wurinsu kaɗai take aiki. Doka kuma ta wajabta a aika kwafi ɗaya na duk littafin da aka wallafa a nan zuwa British Library, babban ɗakin karatu na ƙasa, cikin wata guda. Haraji bai shafi cinikin da bai wuce fam 1,000 a shekara ba, in ya haura sai a yi rajista da HMRC, hukumar haraji.

Wadda ke shirin rubuta nata da Hausa, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma ta kula da haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ado da ake sa wa littattafan saƙa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta cike gurbin da ɗan akwati, kalmar saƙa kanta ta fito da rami a tsakiya. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Ki tabbata an cusa salon rubutun cikin PDF ɗin, ki kuma sayi kwafin gwaji ki duba shafi-shafi da kwarashi a hannu kafin ki saki littafin kasuwa.