Sharhi kan jakar ileostomi mai kashi biyu a zafin Garwa

Ileostomi tiyata ce da ake fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka. Jakar da nake magana a kanta ita ce mai kashi biyu: faifai mai manne da ke zama a fatar ciki, da jakar da ake harɗawa a zobensa, mai baki a ƙasa don zubarwa da 'yar matatar gawayi a sama don iska ta fita ba wari. Na yi amfani da ita rani da damina. Faifan da zoben sun ci kuɗinsu, matatar kuwa ba abin dogaro ba ce, kuma abin da ka sa a baki ya fi sunan kamfanin da ke jikin kwali tasiri a kan yadda za ta yi maka aiki.

A yanka ramin faifan ya fi bakin hanjin faɗi da milimita 2 zuwa 3 kacal, a riƙa sake awo, domin bakin yana raguwa a makonni 6 zuwa 8 na farko bayan tiyata. In ramin ya yi yawa, ruwan ƙaramin hanji zai taɓa fata, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, nan da nan zai saɓe ta. Faifan yana kai kwana 3 zuwa 4. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, gumi na ɗaga gefensa, sai a sa ran kwana 2. Ruwa zalla ya isa wanki. Basilin, man kaɗe da sabulu mai maiƙo duk suna hana shi kamawa.

Matatar tana daina aiki da zarar ta jiƙe, kuma abin da ke fita daga ileostomi mai ruwa-ruwa ne, da an kwanta ya isa gare ta. Ka ci ƙosai, alale, kabeji ko ɗanyar albasa da dare, ka bi da lemun kwalba, kafin asuba jakar ta kumbura tim. A nan kashi biyun ya yi rana: a banɗaki ka ɗan ɓalle saman zoben, iskar ta fita, ka mayar. A zubar in ta kai kashi ɗaya cikin uku, don nauyi ke janye manne.

Tuwon shinkafa, tuwon dawa mai laushi, dankalin turawa, nunanniyar ayaba da farin burodi suna kaurara abin da ke fita, faifan ya daɗe. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa ba su cika kawo matsala ba, tun da gari ne. Zoɓo na iya sa ruwan jakar ya yi ja, ba lalle jini ba ne.

Inda ake kuskure shi ne abinci mai zare da ɓawo. Aya, goruba, rake, gasasshiyar masara, soyayyar gyaɗa, mangwaro mai zare da kilishi kan dunƙule su toshe hanji dab da bakinsa, inda ya fi matsewa. Kunun aya da aka tace da kyau da kunun gyaɗa ba su da wannan haɗarin. Sauran a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, a tauna har su zama kamar koko. In ciki ya murɗa, bakin hanjin ya kumbura, jakar ta tsaya cak ko ruwa zalla mai wari ke fitowa, a bar abinci mai tauri, a sha ruwan ɗumi, a faɗaɗa ramin faifan. Kada a sha maganin wankin ciki. In amai ya shigo, ko aka shafe awa 6 ba abin da ya fito, sai asibiti.

Mai ileostomi yana asarar gishiri tare da ruwa. In abin da ke fita ya haura lita ɗaya a yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ɗirkar ruwa zalla da shayi mai sukari ƙara gudun suke yi. A kurɓi ORS a hankali, na ƙunshin farmasi ko na gida: lita 1 na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Loperamide, maganin rage gudawa, ana shan sa kimanin minti 30 kafin abinci, bisa adadin da likita ya tsayar. Batun azumi ma da likitan za a yanke shi, kafin watan ya tsaya. Mai kolostomi, wanda bakin babban hanji aka fito masa da shi, yana da sauƙi a nan, shi taurin bayan gida ya fi damunsa.

Aibin da ya rage shi ne samuwa. Ba kowace farmasi ke ajiye ta ba, kuma jakar wani kamfani yawanci ba ta shiga zoben wani. Ka rubuta faɗin zobenka, misali milimita 57, ka yi oda tun da sauran na wata guda a hannu, ka ajiye kwalin nesa da zafin kwano don kada mannen ya lalace.