Maɓallan gem daga Alaba: haɗi ba wuya, sai an zo wajen kuɗi

Mai son haɗa akwatin gem na tsaye, ƙunshin maɓallai mai suna Zero Delay da ake samu a kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas ya cancanci kuɗinsa. Nawa yana shagona na aski a Agege, yaran layi suna jibgarsa kullum, har yau maɓalli ko ɗaya bai mutu ba.

A ledar akwai ɗan allo mai igiyar USB, sandar tuƙi, maɓallai da wayoyinsu. Ba ruwanka da dalma, cusawa kawai ake yi, Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da gem ɗin, kuma ta gane shi nan take. Kowane makunni ƙafa uku gare shi: COM (ƙafar tarayya), NO (sai an danna take haɗuwa) da NC (a haɗe take sai an danna ta rabu). Ka tsaya a COM da NO. In ka kai waya NC, gem zai ɗauka ka danne maɓallin ka ƙi saki. Ka kuma gwada bakin wayar kafin ka baro shago, don akwai mai milimita 2.8, akwai mai 4.8, kuma daga Agege zuwa Ojo a go-sulo ba tafiyar da ake so a maimaita ba ce.

Rigimar tana wajen na'urar karɓar kuɗi, CH-926. Ita bolt 12 take ci, allon kuwa 5 yake samu daga USB, dole a nema mata adafta daban. Mai shagon ya ce min, "Alhaji, jona su kai tsaye, ba komai." Akwai komai. Yawancin irin wannan allo layin da maɓallansa suka yi tarayya a kai na wuta ne, ita kuwa na'urar layin ƙasa, wato negatif, take ja in kuɗi ya faɗa. Wani mai gyaran rediyo ya sa min ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke dannawa, a tsakani, muka kai shi gurbin Select, wanda shi ne maɓallin kuɗi a RetroPie, manhajar gem da ke kan Raspberry Pi. Ɗan makunnin saurin sigina kuma muka mai da shi kan jinkiri, in ba haka ba wani lokaci ta haɗiye kuɗi gem bai sani ba.

To wane kuɗin ma? Sulallan naira 1 da naira 2 na 2007 ko mai ruwan leda ba ya karɓa. Tokin na saya, wato sulallan gem, na yi ta zura mata iri ɗaya har ta haddace shi. Yaro ya biya ni a hannu, in miƙa masa tokin. Wani ya gwada ta da washa, zoben ƙarfen da ake sa wa noti, ta tofo masa abinsa.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin dai ba ta tsinana komai ba, gara ka je da wanda ya san waya.