Hoton cikin gida: Canon, Nikon, ko wayar hannu?

Malam, Allah ya ba da kasuwa. Ka ce kana dillancin gidaje a Birnin Kebbi, kuma duk ɗakin da ka ɗauka a Gesse ko Bayan Kara sai ya fito a matse, bango biyu kaɗai ke shiga hoto. Kuɗin da ka tanada ba su kai na sabuwar kyamara ba, shi ne kake tambaya: Canon za ka nema, ko Nikon, ko waya za ka canza?

Abin da ke matse maka ɗaki gilashin gaban kyamara ne, wanda masu hoto ke kira lens. Lambar milimita da ke rubuce a jikinsa ita ke nuna faɗin abin da yake gani, kuma ƙaramar lamba ta fi gani da faɗi. Gilashin da ke zuwa da yawancin ƙananan kyamarori 18-55 ne. A kan Canon, 18 ɗin nan na ganin wajen digiri 64 daga hagu zuwa dama, alhali kusurwar ɗaki digiri 90 ce. Ko ka manne bayanka da bango, ɗaki ba zai shiga ba. Gilashi mai milimita 10 kuwa yana kai kusan digiri 97. Saboda haka duk wanda ya tallata maka kyamara yana ta lissafa megafiksel, tambaye shi wane gilashi ne a kanta.

A ɓangaren Canon, gilashin da ake nema shi ne EF-S 10-18mm, wanda ya fito a 2014. Ba shi da nauyi, layin bango na fita kusan a miƙe, kuma yana cikin mafi araha a irinsa. Babban alherinsa shi ne yana hawa kan tsofaffin ƙananan Canon ba tare da rigima ba: 600D ta 2011, 700D ta 2013, 1300D, 2000D, duk ɗaya. Ni 600D ko 700D nake fifitawa duk da tsufansu, domin allon bayansu na juyawa. Idan ka cusa kyamara a lungun banɗaki inda kanka ba zai shiga ba, sai ka juyo allon ka ga abin da kake ɗauka. Suna kuma iya ɗaukar hoto uku a jere, ɗaya da duhu, ɗaya daidai, ɗaya da haske. Wannan na da amfani a garinmu, inda rana ke dukan taga har ta zama fari fat a hoto alhali cikin ɗaki na da duhu. Sai a haɗa ukun a kwamfuta, taga da ɗaki duka su fito. Aibinsu, ba su da Wi-Fi, sai ka zare kati ka sa a abin karanta kati kafin hoto ya shiga waya.

Nikon na da nasa kishiyar, AF-P DX 10-20mm ta 2017. Ta ɗan fi ta Canon faɗi kaɗan, ingancinsu kuma kusan kunnen doki. Jikin Nikon ma na da abin yabo: D3500 na ɗaukar hoto kusan 1,550 a caji ɗaya bisa ƙiyasin kamfani, 600D kuwa 440, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yini a gidajen da ba wuta. Amma akwai tarko. Gilashin AF-P ba ya aiki da tsofaffi irin D3100, D3200, D5100 da D90, waɗanda ake samu a hannun masu sayar da tokumbo. D3400 da D3500 suna karɓarsa, sai dai allonsu ba ya juyawa, kuma ba su da tsarin hoto ukun nan. Wadda ta haɗa komai ita ce D5300 ta 2013, mai allo mai juyawa da Wi-Fi, bayan an sabunta manhajarta. In ka same ta da gilashin a farashin da ya yi maka, ɗauka. In ba haka ba, Canon ta fi sauƙin haɗawa.

Sai waya. Ba na raina ta. Daga iPhone 11 ta 2019 zuwa sama, yawancinsu akwai 0.5 a cikin kyamara, wato idon ɗaukar faɗi, Samsung ma akwai a S10 da irin su A52 da A54, kuma faɗinsu ya wuce na gilasan can biyu. Buɗe kyamarar wayarka ka duba. In babu 0.5 ko 0.6, to ba ta da shi, ko da zobe huɗu ne a bayanta. Inda waya ke gazawa shi ne duhu. Idon 0.5 ƙarami ne, a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda ƙurar hunturu sai hoto ya fito da yashi-yashi, fentin bango ya dagule, ƙofar da ke gefe ta miƙe kamar an ja ta. GoPro kam, ƙaramar kyamarar nan ta 'yan wasanni, bar ta, bango take lanƙwasawa.

To ga yadda nake gani. Idan cinikinka ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo na ɗaliban Waziri Umaru da na jami'ar da ke Kalgo, hoton kuma a WhatsApp zai ƙare, waya mai 0.5 ta wadatar. Ka dai tura a HD, ka je da hantsi, ka buɗe tagogi. Idan kuwa gidajen GRA ne masu silin na POP da tayil, ko masaukin baƙi, inda mai saye ke Abuja ko Kano kuma hoto ne zai sa ya taso, nemi Canon tokumbo da 10-18. Ka fara tanadin kuɗin gilashi, ragowar ka sayi jikin kyamara da su. Kada ka juya lissafin.

Ko wacce ka zaɓa, ware kuɗin maɗora mai ƙafa uku. Da ita za ka sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske, a 100, ramin shigar haske a f/8, ka danna agogon daƙiƙa biyu ka ɗauke hannu, ɗaki mai duhu ya fito tas ko da mita ba kati. Tsayar da kyamara daidai ƙirji, kada ta kalli sama ko ƙasa, domin da ta karkata bango zai fito kamar zai faɗi.

Wajen saye, ko daga Kano ne ko Ikeja, farashi na bin dala, don haka tambayi mutum biyu ko uku a rana ɗaya. Haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai farin zare-zare na fumfuna, ka ɗauki farar takarda a f/16 don ganin ƙurar sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ka tambayi yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. Gilashi ɗaya ka bari a kanta, kada ka riƙa cirewa a fili lokacin hazo, kuma kada ka bar ta a mota a zafin Afrilu.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya shafi amanar sana'arku. A milimita 10, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 sai ya zama falo a ido, mai haya ya zo ya ga ba haka ba, ya juya, ga kuɗin mashin ya tafi. Ka tsaya tsakanin milimita 12 da 14 a ɗakunan kwana, ka ajiye 10 don banɗaki da kicin, sannan ka rubuta awon ɗakin a ƙarƙashin hoton.