Gargaɗi ga 'yan kasuwar Kumasi kan masu yaudara da sunan haɗa rahoton ciniki

Assalamu alaikum Alhazai, Hajiyoyi da sauran 'yan'uwa masu shaguna a Kejetia, Adum, Alabar da Aboabo. Akwai wasu matasa da ke yawo da kwamfuta suna kiran kansu ƙwararru, suna alkawarin haɗa lissafin cinikin shago da na kayan sito a allon rahoto guda na Power BI, wato manhajar kamfanin Microsoft ta haɗa rahoto daga lissafi, kuma suna karɓar rabin kuɗin aiki ta MoMo tun kafin su taɓa komai. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan masarufi ya faɗa hannunsu.

Da farko sun karɓi kuɗin lasisin Power BI Desktop, wato wanda ake sakawa a kwamfuta, alhali kuwa Microsoft kyauta yake bayar da shi. Wani lasisin daban mai suna Pro ne ake biya wata-wata.

Babbar ɓarnar tana cikin aikin kansa. Duk wanda ya san sana'ar ya san cewa idan za a haɗa lissafi biyu, dole ne su jingina da jadawalin tarayya: jadawalin kaya ɗaya, na kwanan wata ɗaya, na abokan ciniki ɗaya, kuma kowane kaya yana da lambarsa da ba ta maimaituwa. Su kuwa sai suka kwaso fayilolin Excel na shago da na sito yadda suke, kowanne da nasa jadawalin, suka ƙulla su ta hanyar suna. A shago an rubuta "shinkafa 50kg", a sito an rubuta "babban buhu", sai rahoton ya ɗauke su kaya biyu daban. Inda sunan man girki ya fito sau biyu a jadawali kuma, sai aka ƙirga ciniki ɗaya sau biyu, riba ta kumbura a allo. Da wannan lissafin bawan Allah ya saro kaya, ya kuma yi wa yaron sitonsa zargin da bai cancanta ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Da ya nemi matasan, sai ya tarar wayarsu a kashe.

Kafin ku biya kowa, ku sa ya zaɓi lissafin wata guda da kaya guda a allon rahoton a gabanku. Dole ne adadin ciniki da na sito su sauya tare, jimillar kuma ta dace da littafinku. Ku kuma tambaye shi yadda zai turo muku rahoton, domin akwai hanyar wallafawa a intanet wadda ke bai wa duk mai adireshin damar buɗe shi ba tare da kalmar sirri ba, kuma sunayen abokan cinikinku da lambobinsu amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta ɗora muku.

Wanda aka riga aka cuta ya adana saƙon MoMo da hirarsu ta WhatsApp, ya kira Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a lamba 292, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda.