Idlewild, Choices ko Baller Blockin': wanne faifan waƙoƙin fim ɗin 'yan gambarar kudancin ƙasar Amurka zaka saya?

Jama'a masu son gambarar (rap) kudancin ƙasar Amurka, wannan maganar taku ce, musamman wanda kuɗinsa na faifai ɗaya ne tak kuma yana so ya zama na waƙoƙin fim. Guda uku ne suke yawan zuwa gaban mutum idan ya fara nema: Idlewild na OutKast 'yan Atlanta wanda ya fito 2006, da Choices na Three 6 Mafia 'yan Memphis wanda ya fito 2001 (akwai na biyunsa a 2005), sai Baller Blockin' na 'yan kamfanin waƙa na Cash Money daga New Orleans, shekarar 2000. Duka ukun an manna musu sunan fim a bango amma wallahi ba abu ɗaya bane, kuma wanda ya saya don kawai yaga fim ɗin ya burge shi zai iya cizon yatsa, saboda a cikinsu akwai wanda yawancin waƙoƙin da ka ji a fim ɗin ma basa cikin faifan.

Bari in fara da Idlewild don a nan ne mutane suka fi ruɗewa. OutKast mutum biyu ne, André 3000 da Big Boi, kuma lokacin da suka fito da wannan faifan a ranar 22 ga Agusta 2006 suna kan ganiyarsu, domin faifansu na baya, Speakerboxxx/The Love Below na 2003, shi ya ci Grammy na faifan shekara a 2004. Fim ɗin Bryan Barber ne ya bada umarninsa, an sake shi kwana uku bayan faifan, labarin kuma a jihar Jojiya aka kafa shi a shekarar 1935, André ya fito a Percival mai kaɗa fiyano ɗan mai gidan shirya gawa, Big Boi kuma ya fito a Rooster mai waƙa a wani gidan rawa da ake kira Church. Terrence Howard ne mugun fim ɗin. Toh ga inda gizo ke saƙar: da yawa daga waƙoƙin da ake rawa dasu a fim ɗin, irinsu Bowtie da Church da The Rooster da She Lives in My Lap, daga wancan faifan na 2003 aka ɗebo su, basa cikin faifan Idlewild kwata-kwata. Don haka in abinda ya kama zuciyarka shine rawar da Rooster yake yi a kan dandamali, faifan 2003 ɗin ya kamata ka nema, kar sunan fim ya ja ka.

Shi kansa faifan Idlewild waƙoƙi 25 ne, da 'yan guntayen hirarraki a tsakani, yana cin kusan minti 78, wato sun cika faifan CD taf babu sauran wuri. Kiɗan kuma ba irin wanda aka saba ji daga Atlanta bane a lokacin, sun koma baya ne sun ɗauko jaz da bulus da kiɗan manyan makaɗa na shekarun 1930 sun gauraya da gangar zamani. Mighty O a kan wata tsohuwar waƙar Cab Calloway aka gina amshinta, kuma tana cikin 'yan tsirarun waƙoƙin da su biyun suke baiti tare. Morris Brown kuwa 'yan badujalar kwalejin Morris Brown ta Atlanta ne suka busa suka kaɗa a ciki, in ka sa ta a sifika mai kyau sai tsigar jikinka ta tashi, ni dai a wajena ita kaɗai ta biya kuɗin faifan. Akwai Hollywood Divorce inda Lil Wayne da Snoop Dogg suka shigo, baitin Wayne a nan yana cikin masu kyau da ya yi a wannan zamanin, yana magana da ɗaci kan yadda masana'antar nishaɗi ke ɗaukar abin talaka ta sayar. Sannan Janelle Monáe tana nan a Call the Law tun duniya bata santa ba, muryarta tsaf.

Aibinsa fa? Yana da shi kuma ba zan ɓoye ba. Ya yi tsawo, kuma André ya fi yin rera waƙa da kaɗa jita a kan yin baitin gambara, to wanda ya zo neman OutKast irin ta tsofaffin faifansu Aquemini ko Stankonia zai ji kamar mutum biyu ne kowa yana aikinsa a ɗakinsa aka haɗa a faifai ɗaya. Waƙar ƙarshe, A Bad Note, ta kusa minti tara tana jan jiki da kukan jita, ba kowa ke iya kaiwa ƙarshenta ba. Ko a kasuwa ma bai yi abinda aka zata ba, ya shiga jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a na biyu da kwafi wajen 196,000 a satin farko, 'yan matan Danity Kane suka sha gabansa, alhali na baya ya sayar da miliyoyi. Amma ka sani shine faifan ƙarshe da OutKast suka yi tare har yau, wannan kaɗai yana da nauyi ga mai tara faifai.

Sai Memphis. Nan kuma wata duniya ce daban, ba badujala ba fiyano mai taushi, bes ne na na'urar ganga ta 808 mai girgiza ƙirji da kiɗa mai duhu kamar na fim ɗin ban tsoro, wanda DJ Paul da Juicy J suke haɗawa da hannunsu a kamfaninsu Hypnotize Minds. Fim ɗin Choices bai shiga silima ba, kai tsaye aka sake shi a kaset da DVD, ƙaramin kuɗi aka kashe, labarin wani ne da ya fito daga kurkuku yana ƙoƙarin shiryuwa unguwa tana janyo shi baya. Faifan 2001 ɗin shine na ƙarshe da zaka ji gidan kusan a cike, Gangsta Boo tana nan kafin ta bar ƙungiyar, Lord Infamous yana nan, Crunchy Black, ga Project Pat yayan Juicy J, ga La Chat wadda ta riƙe 2-Way Freak da Baby Mama, har Ludacris ya leƙo daga Atlanta a waƙa ɗaya. Yanzu da Lord Infamous ya rasu a 2013, Gangsta Boo kuma ta rasu ranar 1 ga Janairu 2023, jin muryoyinsu tare a faifai ɗaya yana taɓa mutum sosai. Kuma duk wanda yake jin salon gambarar tirap na yau ko wannan kiɗan fonk da ya cika TikTok, in ya saurari wannan zai gane daga inda aka samo tushen.

Na biyun, Choices II: The Setup na 2005, amfaninsa ga mai saye shine an haɗa shi da DVD ɗin fim ɗin a kwali ɗaya, kuɗi ɗaya kaya biyu. Amma a kiɗa na farkon ya fi shi jini a jika, lokacin na biyun mutanen gidan sun ragu. In zaka sayi na hannu ka tambayi mai sayarwa ƙarara ko DVD ɗin yana ciki, domin da yawa faifai ɗaya ne ya rage a kwalin.

Akwai wani kuskure da nake so in tare tun kafin ya faru. Kowa ya san Three 6 Mafia sun ci Oscar a watan Maris 2006 da waƙar It's Hard out Here for a Pimp, to sai mutum ya ɗauka tana cikin Choices. Bata ciki. Waƙar ta fim ɗin Hustle & Flow ce na Craig Brewer, 2005, kuma faifan waƙoƙin wannan fim ɗin na mawaƙa daban-daban ne, kamfanin T.I. wato Grand Hustle tare da Atlantic suka fitar, sannan muryar da ke kan waƙar a can ta Terrence Howard ce da Taraji P. Henson, su Juicy J da DJ Paul da Frayser Boy rubutawa suka yi. In muryar ƙungiyar da kanta kake so a kan waƙar, sai ka nemi Most Known Unknown bugun da aka sake fitarwa a 2006, ba bugun farko na 2005 ba.

Baller Blockin' ba zan daɗe a kansa ba duk da ina sonsa. Mannie Fresh ne a kan yawancin kiɗan, kuma duk wanda ya san hannunsa ya san abinda zai samu, ganga mai tsalle irin ta New Orleans wadda bata barin mutum ya zauna. Juvenile, B.G., Turk, Baby da Lil Wayne yana ɗan shekara 17, ga E-40 daga Kalifoniya a waƙar da ta ɗauki sunan fim ɗin. Matsalarsa ita ce cike yake da baƙi, sai ka ji kamar tarin waƙoƙi ne aka zuba wuri ɗaya, kuma in Cash Money ta wannan lokacin kake nema to 400 Degreez na Juvenile ko Guerrilla Warfare na Hot Boys sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan na wanda ya riga ya mallaki waɗancan ne yana cike gurbi.

Yanzu maganar da ta fi damuna a matsayina na wanda yake sauraro a gida cikin iyali: kalamai. Choices da Baller Blockin' cike suke da ashar da batsa da zancen ƙwaya da bindiga, wasu ma sunan waƙar kansa ba zaka iya faɗa a gaban babanka ba, wannan ba abin wasa bane kuma kar wani ya ce maka ai turanci ne yara basa ji, suna ji, kuma suna haddacewa. Idlewild ma yana ɗauke da tambarin Parental Advisory na gargaɗin iyaye, akwai ashar a ciki, amma da sauƙi sosai in aka kwatanta, kuma waƙoƙi da dama a cikinsa kiɗa ne da rerawa kawai. Akwai bugu mai tsabta da ake yi wa irin waɗannan faifan inda ake goge munanan kalmomin, a Spotify da Apple Music zaka ga harafin E a gefen waƙar da ba'a tace ba. Sai dai gaskiya tacewar waƙoƙin Three 6 Mafia bata cika yin amfani ba, rabin baitin sai ya zama shiru, kuma ma'anar tana nan ko an cire kalmar. Idlewild ne tacewa ke yi masa kyau ba tare da ya lalace ba.

Ta wace hanya zaka mallaka kuma? Shawarata ka fara ji a manhaja tukuna, Spotify ko Apple Music ko YouTube, ka saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe ko sau biyu kafin ka fitar da sisi. Masu tura waƙa a memori kuwa, sau da yawa abinda zasu baka an matse shi har bes ɗin ya mutu, kuma waƙar Memphis in babu bes babu komai, ga sunayen waƙoƙi a hargitse. In CD na asali kake so, shafukan saye da sayarwa na Discogs da eBay ne wurin nema, kuma Idlewild ya fi sauƙin samu da araha saboda an buga shi da yawa, Choices ne kan ɗan yi tsada in yana da kyau. Abin lura, kuɗin aikowa daga Amurka ko Turai yakan fi kuɗin faifan kansa, don haka in kana da ɗan uwa mai dawowa gara a aika gidansa ya taho maka dashi, ko ka haɗa faifai uku huɗu daga mai sayarwa ɗaya. Ka nemi hoton bayan faifan don ganin ƙarce, da hoton takardar ciki. DVD ɗin Amurka kuma yawanci na yanki na 1 ne, wato an kulle shi don na'urorin can, ba kowace na'ura ke karanta shi ba, kwamfuta mai VLC ta fi sauƙi.

Wani abu kuma da ke kama sababbin masu saye, faifan Kudu da yawa suna da bugun da aka rage wa gudu aka daddatsa, salon da DJ Screw na Houston ya ƙirƙiro, zaka ga an rubuta chopped and screwed ko makamancin haka a bango. Masu sonsa suna sonsa sosai, amma in baka sani ba ka saya zaka ɗauka faifan ne ya lalace saboda yadda muryoyin ke ja. Ka karanta bangon da kyau.

To wanne? In faifai ɗaya ne, ni Idlewild zan ce ka ɗauka, duk da tsawonsa da 'yan waƙoƙin da zaka riƙa tsallakewa, domin shine wanda aka zauna aka yi wa tunani a matsayin aiki guda, kuma bayan shekaru yana ƙara daɗi a kunne, Morris Brown da The Train da Call the Law basu tsufa ba ko kaɗan. Wanda kuma yake da sifika mai ƙarfi a mota ko iyafis mai kyau, shi kaɗai yake ji, kuma so yake ya san asalin kiɗan Memphis, ya ɗauki Choices na 2001 ya bar na biyun sai in fim ɗin yake so. Baller Blockin' ya jira sai kuɗi sun ƙaru. In kuma rawar cikin fim ɗin Idlewild ce ta kawo ka nan, Speakerboxxx/The Love Below zaka saya, faifai biyu ne a kwali ɗaya kuma na hannunsa baya wuyar samu.