Sharhi kan sashen kula da fargabar tsofaffi a wani asibiti

Kusan shekara guda mahaifiyata mai shekara 74 ta yi tana kukan faɗuwar gaba da jiri da rashin barci, mu kuwa muna ɗora komai a kan hawan jini da tsufa. Sai da ta zame a banɗaki, ta daina yarda ta taka ko ƙofar gida don tsoron sake faɗuwa, sannan muka kai ta wannan sashe.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta fara sa a auna jinin mahaifiyata domin duba aikin ƙwayar maƙoƙo da ke wuya (thyroid), saboda idan ta yi aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da rawar jiki irin na fargaba, sannan ta karɓi dukan magungunan da take sha ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka ta yi mata tambayoyi bakwai na GAD-7, wato ma'aunin tsananin fargaba, waɗanda suka shafi makonni biyu da suka wuce, cikin natsuwa tana cewa, "Mama, ki ba ni amsa yadda kike ji a ranki." Makin ya haura 10, iyakar da ke nuna cewa lamarin yana buƙatar kulawa.

Na roƙi a ba ta diazepam don ta samu barci, amma likitar ta ƙi, ta bayyana mini cewa irin wannan magani yana ƙara wa tsofaffi haɗarin faɗuwa da ruɗewa, kuma jiki yakan saba da shi. Ta zaɓi sertraline, wani maganin fargaba, a ƙaramin awo, ta gargaɗe mu cewa sai an yi makonni huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, kuma za a riƙa auna sinadarin sodiyam na jininta. An haɗa da zaman tattaunawa na gyaran tunani, inda aka koya mata daidaita numfashi da komawa tafiya kaɗan-kaɗan.

Inda sashen ya gaza shi ne jira. Barin tsohuwa mai fargaba awa uku a ɗaki mai hayaniya ya saɓa wa manufar wurin, kuma sau biyu ta nemi mu koma gida kafin a kira sunanta. Duk da haka zan shawarci mai irin matsalarmu ya je, ya nemi ganin likita da sassafe, ya tafi da kwalayen magungunan mara lafiyar gaba ɗaya.