Yawon Yini Ɗaya Zuwa Iskandariyya: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zuwa birnin Alƙahira ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba. Wani jinya ce ta kawo shi, wani karatu yake yi a Azhar, wani kuma sarin kaya ya zo yi. Sai dai da zarar an samu yini ɗaya da babu ganin likita ko shiga kasuwa, da wuya mutum ya rasa wanda zai yi masa tayin zuwa Iskandariyya, ko dai a teburin karɓar baƙi na otal ko ta bakin direban da ya saba ɗaukarsa. Tayin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: za a ɗauke ka da sassafe a mota mai sanyi, a haɗa ka da ɗan jagora, a nuna maka wurare biyar ko shida na tarihi da bakin tekun Bahar Rum, a ba ka abincin rana, sannan a dawo da kai masauki da daddare. Kafin mutum ya zaro kuɗinsa, ya kamata ya san abin da yake saye, domin a ganina wannan tafiya tana da riba ga wasu, tana kuma zama asarar kuɗi da wahalar jiki ga wasu.

Abu na farko shi ne lissafin lokaci, wanda masu tallar ba su cika son yin sa a gaban mai saye ba. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya akwai kimanin kilomita 220 ta hanyar hamada, kuma mota tana cin kusan awa 3 a zuwa, awa 3 a dawowa, idan cunkoson fita daga Alƙahira bai ƙara ba. Tafiyar da ake kira ta yini guda takan ɗauki wajen awa 12, to ke nan rabinta a kan kujerar mota za a yi. Idan aka cire lokacin cin abinci da salla, aka kuma cire zirga-zirgar cikin gari, wanda ya miƙe siriri a gefen teku kuma titunansa ba sa rabuwa da cunkoso, abin da zai rage na ainihin kallo bai wuce awa huɗu ba. Duk kamfanin da ya jera wurare bakwai ko takwas a takardarsa, to ya sani sarai cewa wasunsu ta tagar mota za a gan su.

Abu na biyu kuma shi ne yanayin garin kansa. Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya kafa shi a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya yi ƙarnuka yana matsayin babban birnin Masar da cibiyar ilimi, har zuwa lokacin da Amru bin As ya buɗe ƙasar a ƙarni na 7, mulki ya koma Fusɗaɗ, wadda yanzu take cikin tsohuwar Alƙahira. Amma mafi yawan wancan tsohon birni yanzu yana ƙarƙashin gidaje da titunan zamani, wani sashe kuma girgizar ƙasa da nutsewar gaɓa sun jefa shi cikin teku. Wanda ya ga dalar Giza, ya zo Iskandariyya yana tsammanin irin wannan girma da ke cika ido tun daga nesa, zai koma da guiwa a sanyaye. Kufan wannan gari ƙanana ne, a warwatse suke tsakanin unguwanni, kuma sai an yi wa mutum bayani kafin su buɗe masa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin ilimin ɗan jagora shi ne ainihin hajar da ake saye a wannan tafiya, mota da abinci kuwa rakiya ne kawai.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar makabartar ƙarƙashin ƙasa ta Kom el-Shuƙafa, wadda aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 2 na miladiyya, aka kuma sake gano ta a 1900. Daga waje fili ne kawai a tsakiyar unguwar talakawa. Ana sauka ne ta wani matakala mai murɗewa da ke kewaye wata rijiya, kuma ta wannan rijiyar ce ake zura gawa da igiya a wancan zamani. A hawa na farko akwai ɗaki mai dakali uku na dutse, inda dangin mamaci kan taru su ci abinci don tunawa da shi. Idan aka ƙara sauka sai a tarar da babban ɗakin kabari, inda aka sassaƙa gunkin nan na tsoffin Misirawa mai kan dila, Anubis, amma sanye da sulken sojan Rum, ga macizai masu gemu ɗauke da kambin Fir'auna, ga kuma garkuwa mai fuskar wata dodanniya daga tatsuniyoyin Girkawa. Wanda ya shiga shi kaɗai zai ga zane-zane a bango ya fito cikin minti goma yana haki. Wanda ya shiga da masani zai fahimci cewa yana kallon yadda al'adu uku, na Misirawa da Girkawa da Rumawa, suka cakuɗe a cikin iyali ɗaya har zuwa yadda suke binne matattunsu. Ya kamata a sani cewa wurin yana da zurfi da danshi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana addabar hawa na ƙasa, don haka mai ciwon guiwa ko wanda bai daɗe da tashi daga gadon asibiti ba ya yi tunani kafin ya sauka.

Kusa da nan akwai Amudus Sawari, wani ginshiƙi na jan dutsen Aswan mai tsawon kusan mita 27, wanda aka kafa don girmama sarkin Rum Diyokiletiyan wajen shekara ta 300. Turawa suna jingina shi ga Janar Pompey na tsohuwar daular Rum, alhali babu abin da ya haɗa su. Minti ashirin ya isa a nan.

Wurin da ya fi cancantar lokaci, wanda kuma wasu kamfanoni kan tsallake idan rana ta yi, shi ne Kom el-Dikka a tsakiyar gari. Masana tonon kayan tarihi daga ƙasar Poland sun fara aiki a wurin tun 1960, suka tono wani ƙaramin dandalin taro na zamanin Rumawa mai jerin kujerun marmara 13, da wuraren wanka, da gidan wani attajiri da aka ƙawata daɓensa da hotunan tsuntsaye na ƙananan duwatsu masu launi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗakunan karatu kusan 20 na ƙarni na 5 zuwa na 7 da aka gano a jere, kowanne da dakalin dutse da ya kewaye bango, da kuma mazauni mai ɗan tudu a ƙarshe domin malami. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu yana jiran layinsa ya zo a biya masa, zai gane tsarin nan take. Idan takardar kamfani ba ta ambaci shiga wannan wuri ba, ni a wurina darajar tafiyar ta ragu sosai.

Shi kuwa sansanin Ƙaitbai ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya burge mutum. Sarkin Masar na daular Mamluk, Al-Ashraf Ƙaitbai, ya gina shi tsakanin 1477 da 1479 a kan harsashin tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, wadda tsawonta ya haura mita 100, aka kuma lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar da, kafin girgizar ƙasa ta ƙarni na 14 ta ƙarasa rushe ta. A 1994 masu nutso ƙarƙashin jagorancin masanin Faransa Jean-Yves Empereur suka gano manyan duwatsu da gumaka a ƙasan ruwan da ke gefen sansanin. Idan mutum ya hau saman ganuwa, iska mai gishiri tana kaɗa masa riga, zai ga igiyar ruwa tana dukan duwatsu ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ga jiragen masunta masu launin shuɗi da kore sun cika tashar gabas, ga garin ya lanƙwashe a bayansu. Wannan shi ne ganin teku mafi kyau da gajeren yawo zai bayar, amma shi ke nan. Wanda burinsa ya zauna a bakin ruwa ya sha shayi ba tare da ana kiransa ya hau mota ba, wannan tsari ba nasa ba ne.

Akwai kuma wani al'amari da ya shafe mu kai tsaye, wanda an tsara yawancin waɗannan tafiye-tafiye ba tare da la'akari da shi ba, saboda an shirya su ne da Turawa a zuciya. A kan hanyar zuwa sansanin akwai masallacin Abul Abbas al-Mursi, wanda aka haifa a Andalus ya rasu a Iskandariyya a ƙarshen ƙarni na 13, kuma babban almajirin Shehu Abul Hasan al-Shazili. Daura da shi akwai masallaci da hubbaren Imam al-Busiri, mai ƙasidar Burda da Hamziyya, waɗanda ake rerawa a Kano da Zariya da Damagaram duk watan Mauludi. Ga mutane da yawa daga cikinmu wannan ziyara ita ce ma dalilin zuwa garin, amma a takardar kamfanoni da dama tsayawar ɗaukar hoto ce daga waje, ta minti biyar ko goma. Duk wanda yake son ya shiga ya yi salla ya yi ziyara cikin natsuwa, lalle ya faɗa tun kafin a yi ciniki.

Sabon ɗakin karatu na Iskandariyya da aka buɗe a 2002 yana da kyau ƙwarai, musamman sashen tsoffin rubuce-rubucen hannu, haka ma gidan tarihin Girkawa da Rumawa da aka sake buɗewa a 2023 bayan ya shafe shekara 18 a rufe. Kowannensu yana son awa guda ko fiye. Lambun Muntaza kuwa yana can ƙarshen gabashin gari, zuwa da dawowa kaɗai zai cinye lokacin da ya kamata a ba wani wuri.

To idan aka zo zaɓi, mafi arha shi ne bas na haɗaka, inda ake tara baƙi daga otal-otal daban-daban. Arhar tasa tana da dalili: ana ɓata lokaci wajen kwasar mutane, kowa yana jiran wanda ya fi kowa nawa, kuma ɗan jagora ɗaya ba zai iya jiyar da mutum ashirin ba a cikin matsattsen ɗakin kabari. Motar shata da jagora na kanka ta fi tsada, amma idan ku huɗu ne ko biyar kuka raba kuɗin, bambancin ba ya da yawa, kuma ku ne masu cewa a tsallake ginshiƙi a daɗe a masallaci. Ga mai iyali, ko mai tafiya da tsoho, ko wanda ba ya jin Larabci kuma yini ɗaya tak gare shi, wannan ne nake ganin ya dace, kuma kuɗinsa halal ne ga mai karɓa idan jagoran masani ne.

Ɗalibi ko ɗan kasuwan da ke jin Larabci yana da hanya mafi kyau. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Ramsis a Alƙahira ya sauke mutum a tashar Misra da ke tsakiyar Iskandariyya cikin kusan awa 3, kuma daga bakin tashar zuwa Kom el-Dikka tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Daga nan tasi zai kai shi sauran wuraren. Idan ya shirya da jagora ɗan gari na rabin yini don makabartar da kufan Rumawa kawai, ya samu bayanin a inda ake buƙatarsa, sauran yinin kuma nasa ne. Mai katin shaidar ɗalibta ya tafi da shi, domin akan rage wa ɗalibai kuɗin shiga wuraren tarihi. Wanda kuma yake da halin kwana ɗaya a garin, shi ne zai ci moriyar komai, saboda wuraren tarihi suna rufewa tun da yamma, alhali bakin teku da gidajen cin kifi na unguwar Anfushi sai bayan magariba suke cika da rai, daidai lokacin da motocin yawon yini ɗaya suka kama hanyar hamada.

Ko wanne aka zaɓa, akwai tambayoyin da bai kamata a ji nauyin yin su ba. A tambaya ko kuɗin tikitin shiga yana cikin farashin, domin baƙi suna biyan fiye da 'yan ƙasa, kuma wuraren tarihi da yawa a Masar sun koma karɓar katin banki maimakon tsabar kuɗi, abin da kan jefa wanda katinsa ba ya aiki a waje cikin tsaka mai wuya a bakin ƙofa. A nemi a rubuta wuraren da za a shiga ciki da waɗanda za a gani daga waje. A tabbatar jagoran yana da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi, kuma ba direba ne zai riƙa nuni da yatsa ba, sannan a san da wane harshe zai yi bayani. A kuma tambaya ko akwai tsayawa a shagon turare ko na tsaraba, domin inda farashi ya yi arha fiye da ƙima, galibi la'adar irin waɗannan shaguna ce ke cike giɓin, kuma daga cikin awa huɗun nan naka ake yankar lokacin. Ihsanin da ake ba direba da jagora a ƙarshen tafiya al'ada ce a Masar, sai a sa shi cikin lissafi tun farko.

Lokacin tafiyar ma yana da tasiri. A watannin zafi, musamman Yuli da Agusta, mutanen Alƙahira kan kwararo zuwa bakin teku, titin gaɓar ruwa ya cushe, gajeren yawo ya ƙara gajarta. A tsakiyar hunturu kuma garin yana samun ruwan sama da iska mai ƙarfi, har igiyar ruwa takan fantsamo kan titi. Watannin Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba sun fi daɗi. Ranar Juma'a da watan azumi lokutan buɗewa sukan canza, don haka wanda ɗakin karatun ne babban burinsa ya zaɓi wata rana tsakanin Lahadi da Alhamis, ya kuma sa kamfanin ya tabbatar masa a buɗe yake kafin ya ba da kafin alƙalami.